Abincin teku na ɗebi-da-kanka a otal ɗin caca: riba ce, ko dusar gura?

Dakta:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Kamar yadda wasunku suka sani, a watan jiya na halarci taron masana harkar ban ruwa a birnin Las Vegas na Amurka, kuma tun da na dawo ake tambayata abin da ya fi tsaya mini a rai a can. Ba dogayen gine-gine ba ne. Wani cin abinci ne da har yau ban gama yanke hukunci a kansa ba, shi ya sa na kawo shi gabanku, domin babu wanda zai koya wa mutumin bakin kogin Haɗeja sanin kifi.

Otal ɗin da aka yi taron, kamar yawancin manyan otal-otal na wannan birni, gidan caca ne a ƙasansa, kuma ɗakunan kwana da zaurukan taro da wuraren cin abinci duk an gina su ne kewaye da filin cacar. A daren ƙarshe abokan tafiyata suka ja ni wurin da ake kira bufe, wato ka biya kuɗi sau ɗaya a ƙofa, ka ɗauki faranti ka ɗebi abin da ranka yake so da hannunka, ka koma ka ƙara sau nawa ka ga dama, sai dai an ɗebar maka minti 90 ka tashi ka ba wani wuri. Na biya dala 80 ban da haraji da ɗan ihsanin ma'aikata, wanda a canjin da na yi na naira 1,500 kowace dala ya kama naira 120,000. Abin da suke tinƙaho da shi abincin teku ne: ƙafafun ƙaguwa waɗanda suka fi taƙi guda tsayi an tsibe su a kan ƙanƙara, da manyan jatan lande, da kawa, wata halittar teku mai ɓawo biyu, ɗanya a cikin ɓawonta, da kifi gasasshe da soyayye da wanda ba a dafa ba. Ina so ku duba mini, shin abin da na ci ya kai kuɗinsa, kuma shin yawan abu a irin wannan wuri yana nuna kyansa?

Gwaggo Mai Banda:
Wa alaikumus salam, ɗana, barka da dawowa. Kafin mu je ga kuɗin, wanda da shi zan cika maka kwali da bandar tarwada har ka raba wa maƙwabta, ina da tambaya ɗaya tak. Kifin nan da ka ci, ka ga kansa? Shekarata ta wuce 30 ina sayen kifi a bakin ruwa, kuma ban taɓa ciniki ba sai na buɗe kumatunsa na ga jajur suke, na dubi idonsa na ga bai dushe ba, na danna tsokarsa da yatsa na ga ta dawo. Duk mai son ya sayar maka da kwantai, abin da yake fara yi shi ne ya cire kai, ya yanka gunduwa-gunduwa, ya cika yaji. Idan ba ka ga kai ba, to yabon da za ka yi na mai girki ne, ba na kifin ba.

Dakta:
Gwaggo, kin kama ni tun ban je ko'ina ba. Ban ga kai ko ɗaya ba, sai na wani babban kifi da aka ajiye don ado. Sauran duk tsoka ce zalla, an zare ƙaya, an kwantar da ita cikin man shanu ko romo. Ƙaguwar kuwa, wadda mutane suka fi yin layi a kanta, sai ka fasa ɓawo da wani ɗan ƙarfe kafin ka zaro tsoka kamar kaurin yatsa, kuma da ka fasa sai ruwa ya tsiyayo. Ta farko ta yi mini daɗi ƙwarai, akwai wani zaƙi-zaƙi a cikinta, amma kafin na gama faranti na biyu gishiri ya isheni, na koma shan ruwa. Jatan landen yana da girma da kyan gani, sai dai a baki kamar roba yake, kuma ɗanɗanon da na ji na miyar da ake tsoma shi ne.

Alhaji Mai Ƙanƙara:
Dakta, abin da ka bayyana sana'ata ce, don haka bari in sa baki tun kafin a yanke wa kifin ƙanƙara hukunci a bayan idonsa. Las Vegas a tsakiyar hamada take, tsakaninta da teku kusan kilomita 400, kuma irin wannan ƙaguwa mai dogayen ƙafafu da ake kira snow crab ma ba a tekun da ke kusa da su take rayuwa ba. Daga ruwan sanyi na Kanada da Alaska da Nowe ake kamo ta. Da an fito da ita ake dafa ta, a daskarar da ita cikin ruwan gishiri mai tsananin sanyi, a zuba a kwali, ta yi watanni a ma'aunin 18 ƙasa da sifili kafin ta iso farantinka. Gishirin da ya isheka daga nan yake, ruwan da ya tsiyayo kuma ƙanƙarar da ta narke ce. Idan suka sake turara ta don ta yi zafi, dahuwa ta biyu ke nan, shi ya sa tsokar take bushewa ta manne da ɓawo.

Jatan landen kuma, mafi yawan wanda ake ci a Amurka na kiwo ne, daga kududdufan Indiya da Ekwado da Indonesiya da Biyetnam, kuma akwai masu jiƙa shi cikin wani sinadari don ya riƙe ruwa ya ƙara nauyi, wanda shi ne yake sa shi ƙyalli da taurin roba. Amma ina roƙon Gwaggo ta yi adalci: daskarewa ba aibi ba ce. Kifin da aka daskarar awa biyu bayan kama shi, kuma sanyi bai yanke masa ba, ya fi karfasar da ta wuni a kwando cikin rana a hanyar Kano. Abin da yake kashe kifin ƙanƙara shi ne ya narke a sake daskarar da shi, kuma mu da muke fama da ɗaukewar wuta mun fi kowa sanin yadda tsoka take komawa kamar soso idan haka ta faru.

Gwaggo Mai Banda:
Alhaji, na yarda daskarewa ba aibi ba ce, amma a sayar da ita da sunanta. Kai idan ka sayar mini da taitus, na san na ƙanƙara na saya, kuma farashin na ƙanƙara na biya. Su kuwa sun shimfiɗa abin wata shida a kan ƙanƙara mai ƙyalli, sun haska masa fitila, har mai digiri uku ya yi wa rogo kallon kitse.

Akanta:
Ina ganin muna auna abin da mudun da ba nasa ba. Mai irin wannan wurin cin abinci ba ya lissafi a kan farantin mutum ɗaya, yana yi ne a kan mutum dubu. A cikinsu akwai mai cin ƙaguwa har ya gaji, akwai tsohuwar da za ta sha romo ta ci burodi ta tashi, akwai yaron da ba ya son komai sai kayan zaƙi, kuma kowa ya biya a ƙofa. Sannan ba ya bukatar ma'aikata da yawa masu kai abinci tebur, tunda kai ne kake yi wa kanka hidima, kuma yana sayen kaya tirela-tirela a kan farashin da ni da kai ba za mu samu ba. Dakta, ka tuna yadda aka jera abincin. Zan yi mamaki idan ba shinkafa da taliya da burodi da dankali ne suka fara tarbarka ba, da faranti ɗan madaidaici, mai tsadar kuma yana can ƙarshe, wani ma sai ma'aikaci ya yanka maka da kansa, kana jin nauyin ka ce ya ƙara.

Amma asalin labarin ya wuce nan. Jihar Nebada ta halatta caca a shekarar 1931, kuma tun a shekarun 1940 wani otal mai suna El Rancho Vegas ya fara shimfiɗa abincin dare na dala ɗaya, ka ci iya cikinka. Ba don ribar abincin aka yi shi ba, an yi shi ne don kada yunwa ta fitar da ɗan caca daga ginin. A 1959 wani otal ɗin, Golden Gate, ya fara sayar da kofin jatan lande a kan rabin dala, ya kuma daɗe a haka shekaru masu yawa. Faɗuwar da ake yi a kicin ana mayar da ita a filin caca, domin a can lissafin ba ya kuskure. Ku ɗauki faifan nan da ake juyawa da ɗan ƙwallo: gurbi 38 gare shi, amma idan ka ci ninki 35 ake biyanka, wanda ke nufin cikin kowace dala 100 da aka zuba, sama da dala 5 ta gidan ce komai daɗewa.

Sarkin Ruwa:
Ɗana ne yake karanta mini yana kuma rubuta abin da na faɗa. Na ji bayanin Akanta, kuma ban ji baƙon abu ba. Mutane za su ce koto ne a bakin ƙugiya, amma ni ban yarda ba, domin a fatsa kifi ɗaya kake nema, kuma yana haɗiyar koto yake jin ƙarfe. Wannan aikin gura ne. Idan za mu kafa gura, dusa muke damawa mu sa a ciki, mu saka ta inda ruwa yake kwance, mu tafi gida mu yi barci. Bakinta a buɗe yake ga mai shiga, kifi yana shiga yana cin dusa hankalinsa kwance, babu abin da ya soke shi, sai ya juya zai fita ya ga hanya ta ɓace masa. Kuma mai gura ba ya baƙin cikin ƙananan da suka ci dusa suka sulale ta ido, domin ba don su ya kafa ba. Dakta, ina tambayarka, daga ƙofar otal zuwa wurin abincin nan, ta ina aka bi da kai?

Dakta:
Ranka ya daɗe, kamar kuna wurin. Babu hanyar zuwa wurin abincin sai ta tsakiyar injinan caca, haka ma idan ka fito. Babu agogo a bango, babu tagar da za ka ga ko rana ta faɗi, kuma sai da na ɓata sau biyu kafin na gano hanyar ɗakina. Layin shiga ma a gefen injinan yake, mun fi rabin awa a tsaye, na ga mutane da dama suna fita daga layi su ɗan taɓa su dawo.

Auta:
Iyayena, ku yi mini afuwa in kawo wani ɓangare. Idan har Baba Sarkin Ruwa ya yarda akwai kifin da yake cin dusa ya fita, to Yaya Dakta shi ne wannan kifin, kuma shi ne ya ci riba. Bai zuba ko sisi a inji ba, ya ci abin da a wani wurin cin abincin sai ya biya kuɗin kowane faranti dabam. Ni da ni ne, zan wuni ban ci komai ba, in tsallake shinkafa da burodi, in nufi ƙaguwa kai tsaye, in ci ta naira 200,000 in fito. Wanda ya san dabarar mai gura ai ya fi ƙarfin gura.

Akanta:
Ƙanena, kowa da wannan shirin yake shiga, kuma mai wurin ya riga ka saninsa. Rabin nauyin ƙafar ƙaguwa ko fiye ɓawo ne, fasa shi yana cin lokaci, an kuma ba ka minti 90, ga gishiri yana tura ka shan ruwa da lemo. Ciki ba buhu ba ne. Ban ce ba a taɓa cin galabar mai abinci ba. Kamfanin Red Lobster na Amurka, wanda ba gidan caca ba ne, ya mayar da jatan lande na ci-iya-cikinka a kan dala 20 abin kullum a 2023, mutane suka yi masa rubdugu, ya tafka asarar kusan dala miliyan 11 cikin wata uku, kuma a watan Mayun 2024 ya nemi kariyar kotu saboda bashi, ko da yake ba wannan kaɗai ne ya durƙusar da shi ba. Bambancin shi ne ba shi da filin caca a bayansa da zai share masa hawaye.

Sai dai akwai abin da ya kamata mu lura da shi, wanda ya ɗan saɓa wa misalin Baba. Dusar yanzu ba ta arha ba ce. Tun wajen 1999 kuɗin da manyan otal-otal na babban titin Las Vegas suke samu daga ɗakuna da abinci da wasanni ya zarce na caca, saboda haka aka daina yarda kicin ya riƙa faɗuwa. Da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe wuraren bufe, da yawansu ba a sake buɗe su ba, waɗanda suka rage kuma suka koma na ƙawa masu tsada. Ƙaguwar kanta ta shiga wani hali: a 2022 Alaska ta soke kakar kamun wannan nau'i a tekun Bering karo na farko, bayan biliyoyinsu sun ɓace sakamakon ɗumamar ruwa, kuma a shekarar ce Amurka ta hana shigo da abincin teku daga Rasha. Ke nan Dakta bai ci dusar banza ba. Ya sayi dusar da cikakken kuɗinta, sannan aka bi da shi ta cikin gura kyauta. Wanda yake ci ba tare da ya biya a ƙofa ba shi ne mai katin gidan, wanda ake ba shi takardar abinci gwargwadon abin da ya zuba a inji, kuma wannan ya biya ninkin-ba-ninkin.

Sarkin Ruwa:
To, wannan mai gura ya fi mu wayo, tunda kifi ne yake saya masa dusa. Maganar ɓacewar ƙaguwa kuma ba ta ba ni mamaki ba. Mu ma tun da aka datse ruwa a Tiga da Challawa ambaliyar da kifi yake hayayyafa a cikinta ta sauya, kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, yauni da giwan ruwa da muke kamawa muna samari yanzu sai an yi sa'a. Duk wurin da aka ce wa mutane su ci iya cikinsu kullum, akwai wani ruwa a wani wuri da ake tatsa.

Malam Babba:
Assalamu alaikum. Na bi maganar tun farkonta, kuma tunda an ambaci caca, wajibi ne in ce wani abu, amma ba zan haɗa komai a tukunya ɗaya ba. Game da abincin kansa, a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da yake rayuwa a teku halal ne, ƙaguwa ce ko jatan lande ko kawa, kuma ba ya bukatar yanka, bisa aya ta 96 ta Suratul Ma'ida da hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, don haka idan ka ga ɗan Pakistan ko Baturke ya kauce wa ƙaguwa, kada ka yi masa gardama. Abin da ya kamata matafiyi ya bincika shi ne abin da aka dafa da shi, domin Turawa suna yawan zuba giya a romon abincin teku, suna kuma sa naman alade a wasu miyoyinsa, ga cokali ɗaya yana yawo daga wannan kwano zuwa wancan.

Shi kuwa cinikin a biya a ci iya ciki, malamai sun yi saɓani, wasu sun ga akwai jahilcin abin da aka saya, tunda ba a san yawan da mutum zai ci ba, wasu kuma sun ce jahilci ne ƙarami da al'ada ta yafe, kamar yadda magabata suka yarda a biya kuɗin gidan wanka ba tare da an auna ruwan da za a kwarara ba. Ni na fi karkata ga na biyu. Inda na tsaya shi ne wurin. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa giya da caca a jumla ɗaya ta ce a nisance su, kuma nisanta ta fi ƙarfin a ce kada a yi. Wanda taro ya kai shi, ba shi ya zaɓi masauki ba, yana da uzurin kwana da halartar zama. Amma cin abincin dare na ƙawa ba lalura ba ce, akwai wasu wuraren a gari. Ga Auta kuma, shirin ka wuni da yunwa don ka ci har ka kasa numfashi ka rama kuɗinka, wannan shi ne ɓarnar da aya ta 31 ta Suratul A'araf ta hana, ko da a gidan biki ne.

Dakta:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Na tambayi masu girki game da giya da alade, kuma sun nuna mini kwanukan da zan kauce wa ba tare da ɓata rai ba, wannan kam zan yaba musu. Amma teburin da ke kusa da namu ana shan giya, kuma gaskiya ban ji daɗin zaman ba. Ɓarna kuwa na gan ta da idona: faranti cike da abincin da aka ɗan taɓa, ma'aikaci ya kwashe ya zubar, mai shi ya tafi ɗebo sabo.

Malamin Asibiti:
Akwai wani ma'aunin inganci da ba a ambata ba, wato lokacin da abinci ya yi a ajiye. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin ma'aunin zafi 5 da 60, shi ya sa ƙa'ida take cewa mai sanyi ya zauna a kan ƙanƙara sosai, mai zafi ya zauna da zafinsa, kuma wanda ya wuce awa biyu a tsakani a yi hattara da shi. Abincin teku ya fi nama saurin lalacewa. A nan wurin da yake da cunkoso ya fi aminci, domin kwano ba ya daɗewa ake sauya shi, kuma wanda ya zo farkon buɗewa ya fi wanda ya zo ana shirin tashi. Dakta ya kyauta da bai ce ya ci kawa ɗanya ba. Tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira bibriyo, wadda take da haɗari ƙwarai ga mai ciwon hanta ko ciwon suga, kuma mun san yadda ciwon hanta yake a yankinmu, da yawa ma ba su san suna da shi ba. Sannan mutumin da bai taɓa cin ƙaguwa ko jatan lande ba ya fara da kaɗan, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓa, leɓe ya kumbura, numfashi ya toshe.

Kuma don kada mu yi ta duban na wasu, mu ma muna da namu. Akwai masu yayyafa wa banda fiya-fiya don kada ƙwari su ci ta, kuma wannan ya fi ƙanƙarar wata shida illa nesa ba kusa ba.

Gwaggo Mai Banda:
Malamin Asibiti, ban musa ba, akwai masu yi, kuma Allah ya shirye su. Amma wanda ya san banda yana ganewa, domin bandar da ƙuda ba ya sauka a kanta a tsakiyar kasuwar kifi abar tuhuma ce. Tawa hayaƙi ne maganinta, ina mayar da ita kan wuta lokaci-lokaci har ta bar hannuna. Abin da nake so ku gane shi ne, a wurina mai saye yana iya juya kifi, ya shinshina, ya karya ya duba cikinsa, ya taya, ya fasa saye idan bai gamsu ba. Ɗana ya biya kafin ya ga abin da zai ci.

Ɗan Legas:
Ni ma na taɓa raka maigidana irin wannan cin abinci a wani otal mai gidan caca a tsibirin Biktoriya da ke Legas. Abin da ya ba ni haushi shi ne teku tana bayan katanga, jiragen kamun kifi na ƙasar nan suna fitar da manyan jatan lande zuwa Turai, amma wanda aka jera mana ƙanana ne, an nutsar da su cikin shinkafa da miya, sai ka yi tono kafin ka samu uku. Washegari na sayi gasasshen kifi a bakin ruwa, wanda na zaɓa da hannuna yana da kansa, a kan kuɗin da bai kai rubu'in wancan ba. Kusancin teku ma bai isa shaida ba.

Auta:
To Yaya Dakta, kai da ka ci, mene ne hukuncinka? Mu dai labari muke ji.

Dakta:
Bayan duk abin da na ji, ga inda na tsaya. Idan don ɗanɗana abubuwa goma da ban taɓa gani ba ne a zama ɗaya, na samu wannan, kuma da zan saye su ɗaya-ɗaya da kuɗin ya fi haka. Wurin yana da tsabta, ana sauya kwanuka a kai a kai, ban kuma yi ciwon ciki ba. Amma idan inganci ake nufi, babu abu ɗaya a cikinsu da zan ce ya kai matuƙa, kowanne matsakaici ne da aka yi wa ado, kuma da na ɗauki rabin kuɗin na je inda ake dafa kifi ɗaya don mutum ɗaya, da na fi morewa. Abin da ya fi daɗi a daren shi ne wata gunduwar kifi da mai girki ya gasa a gabana, wadda ba kowa yake kula ta ba saboda kowa yana layin ƙaguwa.

Akwai abu biyu da ban faɗa ba. A wani kwano na ga an rubuta tilapia, na ɗebo da ɗoki, ashe karfasa ce, ta kiwo, fara fat, babu ɗanɗanon komai sai man shanu, wato na ƙetare teku na biya kuɗin buhunan hatsi don in ci ƙanwar abin da yara suke kamawa a bayan gidanmu. Na biyu kuma, da zan biya kuɗi, ma'aikaciyar ta ce idan na yi rajistar katin gidan za a rage mini wani abu, a kuma zuba mini 'yan daloli na fara wasa kyauta. Na ce a'a, amma ba zan ɓoye muku ba, sai da na tsaya na yi lissafin ragin a zuciyata.

Alhaji Mai Ƙanƙara:
Tunda ni da Gwaggo ba mu daidaita ba, ina da shawara. Ranar kasuwa mai zuwa Baba Sarkin Ruwa ya sa a ajiye mana karfasa huɗu daga kamun asuba. Biyu in saka su a injina nan take su yi mako guda, biyu kuma Gwaggo ta bandace su, a kamo sababbi biyu maimakonsu ranar da za a dafa. A dafa su miya ɗaya, a ba Dakta da Auta ba tare da an gaya musu wacce ce wacce ba.

Gwaggo Mai Banda:
Na yarda, da sharaɗi biyu. Ni zan yi girkin, kuma kowace karfasa ta zo da kanta a jikinta. Kai kuma Alhaji ka tanadi man janareta na mako guda, domin idan wuta ta ɗauke kifinka ya narke, ba zan karɓi uzuri a gaban Sarkin Ruwa ba.